Ina Lokacin Ke Tafiya? Yadda Ake Bin Diddigin Jinkirin Rumbun Bayanai

Da zarar shafi a manhaja ya fara cin sakan biyar ko shida kafin ya buɗe, shawara biyu aka fi ji daga masu kula da ita: ko a ƙara wa sabar ƙarfi, ko a ƙara fihirisa (jerin da ke hanzarta nemo layi) a teburin rumbun bayanai. Duka biyun canke ne, in ba a auna komai ba tukuna. Tambaya, wato umarnin da manhaja ke aika wa rumbun, in tana tsaye tana jiran wani ya saki kulle, ba za ta motsa ba ko an ninka sabar sau goma. Shafin da ke aika ƙananan tambayoyi ɗari huɗu kuma ba fihirisa ce ta rage masa ba. Jinkiri yana da wurin da yake zaune, kuma rumbunan bayanai na yau suna ɗauke da kayan aikin da za su nuna wurin, sai dai yawancinsu a kashe suke zuwa. Bayanin nan ya fi karkata ga rumbun PostgreSQL, amma za a taɓo rumbun MySQL a inda suka saɓa.

Abin farko shi ne a tabbatar rumbun ne ke cinye lokacin. Tsakanin danna maɓalli da fitowar shafi, lokaci na iya tafiya a cikin lissafin manhajar kanta, ko a kiran wani kamfani na waje kamar mai karɓar biyan kuɗi, ko a jiran samun haɗi da rumbun, ko a cikin rumbun. A sa manhaja ta riƙa rubuta abu biyu a kan kowace buƙata: tambayoyi nawa ta aika, kuma milisakan nawa suka ci gaba ɗaya. Idan shafi ya ci sakan 4 alhali rabon rumbun milisakan 300 ne, a bar rumbu ya huta. Kada kuma a dogara da matsakaicin lokaci. A ce buƙatu 99 cikin 100 suna ƙarewa a milisakan 50, guda ɗaya tana cin sakan 10: matsakaicin bai kai milisakan 150 ba, lissafi zai ce lafiya lau, amma mutum ɗaya cikin ɗari ya riga ya rufe manhajar cikin fushi. Shi ya sa ake duba lokacin da kashi 95 ko 99 cikin ɗari na buƙatu ke ƙarewa a ƙasa da shi.

In ya tabbata rumbun ne, akwai hanya biyu ta gano tambayoyin da ke da laifi, kuma kowace tana kama irin nata. Ta farko ita ce rubuta duk tambayar da ta wuce wani ƙayyadadden lokaci. A PostgreSQL saitin `log_min_duration_statement` ne, a kashe yake zuwa, ana ba shi adadi a milisakan. 500 ko 250 wuri ne mai kyau na farawa. A MySQL ana kunna `slow_query_log`, amma a kula da `long_query_time`, domin a sakan 10 yake zuwa. Manhajar da mutane ke jira a waya ta daɗe da mutuwa kafin tambaya ta kai sakan 10, don haka a sauke shi zuwa rabin sakan ko ƙasa.

Hanya ta biyu ta fi muhimmanci, kuma ita aka fi mantawa. `pg_stat_statements` ƙari ne da ke zuwa tare da PostgreSQL. Ana sa sunansa a `shared_preload_libraries`, a sake tayar da rumbun, sannan a girka shi. Yana haɗe tambayoyi masu siffa ɗaya wuri guda ko da lambobin cikinsu sun bambanta, ya ƙirga sau nawa aka kira kowace da jimillar lokacin da ta ci. Tun daga siga ta 13, wadda ta fito a 2020, ginshiƙan da ake dubawa su ne `calls`, `total_exec_time` da `mean_exec_time`. A jera da jimillar lokaci, ba matsakaici ba. Rahoton da ke cin sakan 8 amma sau goma ake kiransa a rana, sakan 80 ke nan. Tambayar da ke cin milisakan 4 amma ana kiranta sau miliyan 3, sakan 12,000 ce, fiye da awa uku na aikin rumbu. Wannan ta biyun ba za ta taɓa bayyana a kundin tambayoyi masu jinkiri ba, alhali ita ce ke danne injin har sauran su rasa wuri.

Irin wannan yawan kira galibi daga matsalar da ake kira N+1 yake fitowa. Manhaja ta ɗauko jerin oda 200 da tambaya ɗaya, sannan a kan kowace oda ta koma ta tambayi sunan mai ita. Kamar a aiki yaro kasuwa ya sayo tumatir, ya dawo a ce ya koma ya sayo attaruhu, ya dawo a ce albasa. Babu tafiyar da ta yi tsawo, amma yini ya ƙare. Kayan rubuta manhaja irin su Django da Laravel suna sauƙaƙa faɗawa wannan rami, domin layi ɗaya na kod a cikin zagaye yana haifar da tambaya ba tare da mai rubutu ya ga SQL, harshen tambayar rumbu, ko ɗaya ba. Maganin yana cikinsu: `select_related` da `prefetch_related` a Django, `with` a Laravel, waɗanda ke mayar da tambayoyi 201 zuwa ɗaya ko biyu. Abin yana ƙara muni idan manhaja da rumbun ba wuri ɗaya suke ba. Haske a cikin wayar faiba yana tafiyar kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya, tsakanin Legas da Landan kuma akwai kimanin kilomita 5,000. Zuwa da dawowa ba zai gaza milisakan 50 ba, ko da hanyar a miƙe take, kuma ba a miƙe take ba. Tambayoyi 201 sau 50, sakan 10 sun tafi a kan hanya kawai, rumbun kuma zai nuna cewa kowace tambaya ta ƙare cikin milisakan ɗaya. Manhaja da rumbunta su zauna a cibiya ɗaya.

Yanzu a ce an ware tambaya guda mai nauyi. Kalmar `EXPLAIN` a gabanta za ta nuna hanyar da rumbun ke niyyar bi. `EXPLAIN ANALYZE` kuwa yana gudanar da ita da gaske, ya nuna abin da ya faru. MySQL ma ya samu wannan tun siga ta 8.0.18. A nan akwai haɗari: in tambayar ta gogewa ce ko ta sauya bayanai, za ta goge ɗin. A fara da `BEGIN`, a rufe da `ROLLBACK`, don a warware duk sauyin da ta yi. A kuma yi gwajin a kan bayanai masu girman na gaskiya. Tebur mai layi 500 a kwamfutar mai rubuta manhaja ba zai koya wa kowa komai game da tebur mai layi miliyan 20 ba, domin hanyar da rumbun zai zaɓa ma daban ce.

Karanta sakamakon yana buƙatar natsuwa. Ana farawa daga matakin da ya fi shiga ciki, a fito waje. Lambar `cost` ba lokaci ba ce, awo ne na cikin gida da ake kwatanta hanyoyi da shi. Lokacin gaskiya yana wurin `actual time`. Sai tarkon da ke kama har ƙwararru: lokacin da adadin layukan da aka nuna na zagaye ɗaya ne, dole a ninka su da `loops`. Matakin da ya nuna milisakan 0.05 yana kama da ba komai ba, har sai an ga an maimaita shi sau 80,000, wato sakan 4.

Amma in da za a ce abu ɗaya tak za a duba, to a kwatanta adadin layukan da rumbun ya yi hasashe da wanda ya samu. PostgreSQL ba ya ƙirga tebur kafin ya zaɓi hanya. Yana dogara da ƙididdigar da umarnin `ANALYZE` ya tara daga samfur. A saitin asali, inda `default_statistics_target` yake 100, samfurin layi 30,000 ne komai girman teburin. Da wannan yake hasashen layuka nawa sharaɗi zai bari, da hasashen kuma yake yanke shawarar yadda zai haɗa tebur da tebur. In yana zaton layi 5 zai samu, zai zaɓi `Nested Loop`, ya leƙa ɗaya teburin sau 5, kuma wannan daidai ne. In layukan suka zama 500,000, zai leƙa sau 500,000, inda `Hash Join` zai gama aikin da karatu ɗaya. Rumbun bai yi wauta ba, labarin da aka ba shi ne ba daidai ba. Duk matakin da hasashe da gaskiya suka bambanta da ninki goma ko fiye, a tsaya a nan, kuma a nemi wuri mafi zurfi da bambancin ya fara, domin kuskuren yana ninkuwa yayin da yake hawa sama.

Me ke karkatar da hasashe? Mafi sauƙi shi ne tsufan ƙididdiga. Rumbun yana sabunta ta da kansa idan kusan kashi 10 cikin ɗari na tebur ya sauya, amma bayan an zuba miliyoyin layuka a dare ɗaya, ko an dawo da rumbu daga ajiya, akwai tazara da yake aiki da tsohon labari. `ANALYZE` da hannu a kan teburin yakan gyara wannan cikin sakanni. Na biyu ya fi ɓuya. Rumbun yana ɗaukar kowane ginshiƙi a matsayin mai zaman kansa. A ɗauki teburin abokan ciniki mai layi miliyan 10, da ginshiƙin jiha da na ƙaramar hukuma, a nemi waɗanda jiharsu Kano ce kuma ƙaramar hukumarsu Dala. A ce ɗaya cikin 10 na layukan Kano ne, ɗaya cikin 200 kuma Dala. Rumbun zai ninka su, ya ce ɗaya cikin 2,000, wato layi 5,000. Bai san cewa duk wanda ke Dala a Kano yake ba, saboda haka sharaɗin jiha bai rage komai ba, kuma amsar gaskiya 50,000 ce. Tun siga ta 10 a 2017 akwai `CREATE STATISTICS`, wanda ake gaya wa rumbun da shi cewa waɗannan ginshiƙai biyu suna tafiya tare. Bayan an ƙirƙira shi sai a sake `ANALYZE`.

Ganin `Seq Scan`, wato karanta tebur daga farko har ƙarshe, yakan tsorata masu koyo, kuma ba koyaushe ne laifi ba. In tambaya na neman rabin tebur, ko teburin ƙarami ne, karatun a jere ya fi tsalle-tsalle ta fihirisa sauri. Abin dubawa shi ne layin `Rows Removed by Filter`. An karanta layi miliyan 8, an zubar da duka sai 12? Nan ne fihirisa ke da aiki. A ƙara zaɓin `BUFFERS` don a ga yawan karatun. PostgreSQL yana ajiye bayanai a shafuka masu kilobait 8. `Hit` na nufin an samu shafin a ma'ajiyarsa ta RAM, `read` na nufin sai da aka nemo shi daga waje. Shafuka 130,000 kusan gigabait ɗaya ke nan. Wannan adadin ya fi agogo gaskiya, domin in aka maimaita tambaya karo na biyu takan yi sauri kawai saboda bayanan sun riga sun hau RAM, mutum ya ɗauka gyaransa ne ya yi aiki.

Sau da yawa fihirisar tana nan, rumbun ne ya kasa amfani da ita saboda yadda aka rubuta sharaɗin. Fihirisa ta yau da kullum, irin B-tree, jeri ne na ƙimomin ginshiƙi daga ƙarami zuwa babba. In aka naɗe ginshiƙin cikin wani aiki, misali a mayar da adireshin imel ƙananan haruffa kafin kwatantawa, ko a cire rana daga cikin cikakken lokaci, jerin bai da amfani kuma. Ko a gina fihirisa a kan sakamakon aikin, ko a sake rubuta sharaɗin: maimakon a ce ranar ta zama 1 ga wata, a ce lokacin ya kai farkon 1 ga wata kuma bai kai farkon 2 ga wata ba. Neman rubutu da `LIKE` mai alamar % a farko shi ma B-tree ba ta iya masa. A PostgreSQL sai ƙarin `pg_trgm` da fihirisar GIN. Akwai kuma wanda ke yawan cin masu MySQL: lambar waya ana ajiye ta a matsayin rubutu, dole, saboda sifirin farko. In manhaja ta aiko da ita a matsayin adadi, ba a cikin alamun zance ba, MySQL zai juya kowane layi na teburin zuwa adadi kafin ya kwatanta, fihirisa ta zama ado. Alamun zance biyu kawai suka raba milisakan ɗaya da karanta tebur duka.

A fihirisa mai ginshiƙai da yawa, jerin ginshiƙan shi ne komai. Tambayar da ke neman biyan kuɗin mutum ɗaya a cikin wata guda tana son fihirisar da ta fara da lambar mutumin, sannan rana. In aka juya, sai an bi ta kan biyan kuɗin kowa na wannan watan. Ƙa'idar ita ce ginshiƙin da ake kwatantawa da ƙima ɗaya tak ya riga wanda ake nema tsakanin iyaka biyu. Wanda ya taso daga MySQL ya kuma sani cewa InnoDB, injin ajiyar MySQL, yana gina fihirisa da kansa a ginshiƙin da ke nuni zuwa wani tebur, PostgreSQL kuwa ba ya yi. Goge layi ɗaya daga teburin abokan ciniki na iya tilasta karanta teburin oda gaba ɗaya.

Fihirisa ba kyauta ba ce. Kowane sabon layi sai an rubuta shi a cikin dukkan fihirisar teburin, don haka tebur mai goma sha biyar yana biyan farashi a kowane rubutu. `pg_stat_user_indexes` zai nuna waɗanda `idx_scan` ɗinsu ke sifiri, wato ba a amfani da su. Kuma a rumbun da mutane ke kai, a gina da `CREATE INDEX CONCURRENTLY`. Ginin da aka saba yana hana rubutu a teburin har ya gama.

Abu biyu ƙanana. In aka ga `external merge Disk` a matakin jerawa, bayanan sun fi ƙarfin `work_mem`, rabon RAM na kowane mataki, wanda ke zuwa a megabait 4, sun zuba a faifai. Kada a ɗaga shi ga kowa da kowa, domin kowane mataki na kowace tambaya yana iya ɗaukar nasa: megabait 64 sau matakai 3 sau haɗi 100 ya haura gigabait 18. A ɗaga wa rahoton da ke buƙata shi kaɗai. Sai `OFFSET`: neman layi 20 bayan tsallake 200,000 yana nufin rumbun ya bi ta kan 200,020 ya zubar da kusan duka. A riƙe lambar layin ƙarshe da aka nuna, a nemi 20 da ke bayanta.

Saura yanayin da ya fi rikita mutane: an ɗauki tambayar an gudanar da hannu, ta ƙare a milisakan 3, amma a manhaja tana cin sakan 20. A nan tambayar ba aiki take yi ba, jira take. A buɗe `pg_stat_activity` a daidai lokacin da abin ke faruwa, ba bayan ya wuce ba. In `wait_event_type` ya nuna `Lock`, aikin `pg_blocking_pids` zai faɗi wanda ya riƙe ta. Mai laifin galibi haɗi ne da ke halin `idle in transaction`: manhaja ta buɗe ma'amala (rukunin umarni da ake tabbatarwa gaba ɗaya), ta sauya layi, sannan ta tafi jiran amsar wani kamfani na waje ba ta rufe ba. Duk mai son wannan layin sai ya tsaya. Mafi muni shi ne a zo da `ALTER TABLE`, umarnin sauya tsarin tebur, a wannan hali. Yana buƙatar kulle teburin gaba ɗaya, sai ya shiga layin jira, kuma duk tambayar da ta zo bayansa, har ta karatu kawai, tana tsayawa a bayansa. Cikin minti ɗaya haɗi 100 na `max_connections` sun cika, manhaja ta tsaya cik, alhali injin ba ya aikin komai. Kariyar ita ce `lock_timeout` na 'yan sakanni kafin duk wani sauyin tsari, da `idle_in_transaction_session_timeout`, da kunna `log_lock_waits` don a samu shaida washegari. Kiran waje kuma a fitar da shi daga cikin ma'amala.

Ma'amalar da aka bari a buɗe tana da wata ɓarnar ta daban. PostgreSQL ba ya goge tsohon layi nan take idan an sauya shi. Yana rubuta sabo, ya bar tsohon har `autovacuum` ya zo shara. Sharar ba ta taɓa layin da wata tsohuwar ma'amala za ta iya gani, don haka haɗi ɗaya da aka manta tun safe yana hana tsabtace rumbun duka. Ko babu wannan ma, saitin asali yana jira sai matattun layuka sun kai kashi 20 cikin ɗari. A tebur mai layi miliyan 50, miliyan 10 ke nan da ake takawa a kowane karatu. Wannan ne ke sa tambayar da ba a taɓa ba ta riƙa nauyi mako bayan mako. A duba `n_dead_tup` da `last_autovacuum` a `pg_stat_user_tables`, a kuma sauke `autovacuum_vacuum_scale_factor` na manyan tebura zuwa 0.02 ko 0.01, kowane tebur da nasa.

Wani dalilin bambancin hannu da manhaja shi ne tambayoyin da ake shiryawa sau ɗaya a riƙa cusa musu ƙimomi. A kira biyar na farko PostgreSQL yana tsara hanya bisa ƙimar da aka ba shi. Daga nan yana iya komawa hanya ɗaya ta gama-gari in ya ga kuɗinta bai fi ba. Ga ɗan kasuwa mai oda 30 hanyar ta yi, ga babban dila mai oda miliyan 2 ta zama masifa. Ƙarin `auto_explain` yana rubuta ainihin hanyar da aka bi a lokacin da tambayar ta yi jinkiri, kuma tun siga ta 12 ana iya tilasta sabon tsari a kowane kira da `plan_cache_mode`.

Duk gyaran da za a yi, a yi shi ɗaya bayan ɗaya. A adana sakamakon `EXPLAIN ANALYZE` na kafin gyara, a yi sauyin, a kira `pg_stat_statements_reset`, a bar manhaja ta yi cikakken yini har da lokacin da jama'a suka fi yawa. Sannan a kwatanta jimillar lokaci da adadin shafukan da aka karanta, a kuma leƙa tambayoyin rubutu na wannan teburin, domin a nan ne kuɗin sabuwar fihirisa ke fitowa.